Kakin Teku a Kan Dutse

Tun da hunturu ya shigo Kirrily ta hana mutanen Jindabyne, garinsu na gindin duwatsun ƙanƙara, sakat da zancen allon zamiya. Shekarunta sun doshi arba'in, ta daɗe tana zamiya a kan ƙanƙara don nishaɗi, sai bana ta ce ita ma za ta gwada tseren nan da ake sako mutum huɗu lokaci guda, su gangaro ta kwana-kwana da tudu-tudu, kafaɗa na gogar kafaɗa, biyun farko su wuce gaba. Ba kofi take nema ba. So take ta shiga cikin biyun nan ko sau ɗaya, domin likita ya riga ya ce da bazara zai yi wa gwiwarta aiki, kuma bayan nan ita da tsalle sai dai kallo.

Tsohon allonta mai laushi ne, da an taka gudu sai ya kama rawa. Ta zaga shagunan garin kaf tana lanƙwasa allunan mutane da gwiwa, wannan ya yi gajere, wancan ya yi faɗi, har wani mai shago ya koma shigewa ɗakin kaya da ya hango motarta. A ƙarshe maƙwabciyarta Tamsin, wadda ita ma za ta yi tseren, ta sayar mata da wani dogo mai taurin tsiya, don dai ta huta da ƙorafi.

Daga nan rumfar bayan gida ta zama ɗakinta. Ta bi ƙarfen gefen allon da magagari har sai da ya aske mata farce, ta ɗan dakushe kaifin ta wajen hancin allon don kada ya cafki ƙasa a kwana. Ƙanƙarar ƙarshen Agusta, lokacin da hunturun can ke ƙarewa, jiƙaƙƙiya ce, saboda haka ta zaɓi kakin da ya dace da ita, ta narkar da shi da tsohon dutsen guga, ta kankare, ta bi da buroshi, har ƙasan allon ya yi santsin da ƙuda ma ba zai iya tsayawa a kai ba.

Ana gobe tsere sai ga mahaifinta Merv daga Bermagui, can bakin teku, da gajeren wando a wannan sanyi. Dattijon nan ya tsufa yana hawan igiyar teku da allo, kuma tun da 'yarsa ta bar ruwa ta hau dutse bai taɓa tako ƙafarsa nan ba. Shi a wurinsa ƙanƙara abin firji ce. Ta ji daɗin zuwansa ƙwarai, amma ta ƙi nunawa.

Da safe a wurin ajiye motoci ta bar masa allon ta je karɓar rigar lamba. Ƙamshin kwakwa ne ya fara tarar ta da ta dawo. Merv ya kifa allon a bayan mota, yana goga masa farin curin kaki na allon teku mai ƙamshin kwakwa, layi a kan layi, da iya ƙarfinsa. Kowa a bakin teku ya san aikin kakin nan: a saman allo ake goga shi don ƙafa ta liƙe, kada ta zame.

"Baba, me kake yi haka?"

"Gani na yi ya bushe, ko ɗigon kaki babu," in ji shi, yana murmushi. "Kin ce naku a ƙasa ake sawa, to ga shi na sa a ƙasa. Ke dai har yanzu rowar kaki gare ki."

Aikin mako guda ya tafi a bakin wani abu mai danƙo kamar cingam. Ta fizge allon, ta durƙusa tana kankara, kakin na nannaɗewa yana komawa inda ta cire, shi kuwa yana tsaye yana ba ta shawarar ta bar kaɗan. Tamsin ta wuce da hular kwano a hannu, ta shaƙi iska, ta tambaya ko wainar kwakwa ake toyawa, a ajiye mata. Kirrily ba ta gama kankare rabi ba aka fara kiran rukuninsu.

Da ƙofar fara tsere ta buɗe ita ta fara fita, don gangaren farko a miƙe yake, ko buhun dankali aka saki zai yi gudu. A kwana ta farko kaifin nan ya kama daram, allon ko gezau, har ranta ya fara yin fari. Sai suka fito shimfiɗaɗɗen wuri, inda santsi kaɗai ke tafiyar da mutum. Nan ta ji ana jan ta ta baya. Tamsin ta wuce, ta biyu ta wuce, ta uku ma har da waiwaye. Tudun ƙarshe da ƙyar ta haye shi, ta iso bayan an gama tafi.

Ta kwance ƙafafunta ta nufi shinge da faɗa cike da baki. Merv na tsaye, gwiwoyinsa sun yi ja don sanyi, murmushin ya ɓace. Da alama wani ya riga ya yi masa bayani.

"Na ɓata miki, ko?"

"Ka ɓata, Baba. Kuma babu wani tsere na biyu."

Ya sunkuyar da kai yana jujjuya guntun kakin a hannu. Ya ce tun tana 'yar mitsitsiya shi ke goga wa allonta kafin ta shiga ruwa, kowace safiya, ba ta taɓa shiga bai goga ba. Da ta hau dutse sai ya rasa abin da zai yi mata. Yau da ya ga allo a gabansa, hannunsa ne kawai ya tafi.

Haushin bai tafi ba, sai dai tausayi ya zo ya zauna a kansa, abin ya ƙara ba ta haushi. Ta karɓi kakin daga hannunsa, ta juya allon, ta nuna masa tsakanin maɗauran ƙafa, inda ake taka ƙafar baya in an sauko daga kujerar da ke kai mutane saman dutse.

"Nan, Baba. Nan ne yake zame mini kullum."

Ya durƙusa a cikin ƙanƙara da gajeren wandonsa, ya fara gogawa, layi a kan layi, ita kuma ta riƙe masa allon.