Kwalaben da Kogi Ya Tuɓe

Oom Wynand, ƙanin mahaifina, shi ya ce ruwan bai kai abin tsoro ba, ya kaɗa shanu muka shiga. Muna tsakiyar Kogin Tankwa ƙafar baya ta amalanke ta faɗa rami, amalanken ya karkace, ruwa ya shigo har inda muke zaune. Mun dai fita lafiya. Amma buhun gari ya jiƙe, barguna sun jiƙe, akwatin maganin kakarmu Ouma kuma ya cika fal da ruwa.

Kowace shekara haka muke gangarowa daga tudun Roggeveld idan sanyi ya fara cizo. Pa, mahaifina, ya riga ya yi gaba da tumaki, ya bar mu da kaya: ni, da Ma mahaifiyata, da ƙanwata Dorie mai shekara uku, da kakarmu Ouma Aletta, sai Oom Wynand mai riƙon bulala.

Akwatin na kwano ne, kore, cike da 'yan kwalabe da ba su fi tsawon yatsa ba. Duk daga hannun mai tallan nan suka fito, wanda ke zaga gonaki da keken jaki. Kowace kwalba da takarda manne a jikinta, mai hoto da rubutun da ya yi alkawarin warkar da komai, daga ciwon haƙori har ɓacin rai. Ouma ba ta karatu, hotunan ta sani. Mai shamuwa na murɗar ciki ne, mai jinjirin wata na barci, mai tsoho da gemu na tari.

Da muka buɗe akwatin a bakin gaɓa, sai muka tarar takardun sun saki, sun narke a gindinsa kamar kunu. Kwalabe wajen ashirin suna tsaye tsirara, babu mai suna.

Da a wata rana ce, da dariya za a yi. Amma tun da safe Dorie take riƙe da ciki, yanzu kuwa ta naɗe ƙafafu zuwa ƙirji tana ihu a cinyar Ma, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Garin da ke da likita yana bayanmu, nesa ƙwarai, ga kogi a tsakani.

"Mai shamuwa nake so," in ji Ma. "Ouma, ki ba ni mai shamuwa."

"Shamuwar ta tashi, Hester," Ouma ta ce, tana juya kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ta zare toshiyar guda ta kai hanci, ta ja, ta sake ja. Ta yi tsaki. Mura ta toshe mata hanci tun kafin mu baro tudu. "Ko mushen jaki aka aje mini a nan ba zan ji ba."

Ma ta miƙa hannu za ta ɗauki wata mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ouma ta buge hannun.

"Kin manta ɗan gidan Vermaak? Na barci aka ba shi a madadin na ciki. Ya yi shiru kuwa, har yau shiru yake."

Ma ta janye hannunta.

Ouma ta waiwayo wurina. "Gesina, zo ki ara mini hancinki. Ke shaƙa, ki faɗa mini abin da kika ji, ni kuma in faɗa miki ko wane ne."

Na durƙusa gabanta. Ta miƙo mini ta fari, baƙa mai kauri. Na shaƙa, hawaye suka zo mini.

"Wari," na ce.

"Ɗaga murya, ba a coci muke ba. Dukansu wari suke, in ba wari wa zai saya? Warin me?"

Na yi tunani. "Kamar kwaltar da ake shafa wa ƙafar amalanke. An fasa ruɓaɓɓen ƙwai a ciki."

"Na ciwon baya da tsakuwar fitsari. Aje shi can. Ga wani."

Wannan ya fi sauƙi, ƙamshin rigar cocin Ma ne idan an fito da ita daga adaka. Ouma ta ce kafur ne, na shafawa a ƙirji. Na gaba ja ne, mai ƙamshin fure, wai na bugun zuciya, wanda ake ɗiga wa mata a gidan makoki. Ban taɓa sanin hanci yana da ajiya haka ba. Kowace kwalba na buɗe, sai wani abu ya taso mini daga gida: sabulu, danyar fata, ganyen na'a-na'a da ke bayan rijiya, ɗakin da kakanmu Oupa ya yi jinya. Duk da kukan Dorie da ke sukar kunnena, na kama kaina ina ɗokin ta gaba.

Sai aka zo kan wata da na shaƙa na yi shiru.

"To?" in ji Ouma.

Na sunkuyar da kai.

"Yarinya, ƙanwarki na jira."

"Kamar ƙafar Oom Wynand," na ce a hankali, "in ya cire takalmi."

Oom Wynand yana shanya barguna a kan ƙaya, ya juyo. "Kai! Wannan 'yar da ba ta iya gaida mutum sai da rakiya, ashe duk shekarun nan lissafin ƙafata take yi?"

"Wannan na firgita ne da tsinkewar jijiya," Ouma ta ce. "Ta yi daidai. Ubanka ma haka ƙafarsa take."

Haka muka yi ta warewa har saura biyu. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ruwan ƙasa mai duhu. Na shaƙa ta dama: kanumfari da barasa. Na shaƙa ta hagu: kanumfari da barasa. Na fita can cikin iska na hura hanci, na dawo na sake. Babu bambanci. Ouma ta ɗiga mini kowace a bayan hannu na lasa. Duka ɗaci, ɗacin da kan tsaya a maƙogwaro.

"Mutum ɗaya ke haɗa su," in ji Ouma. "Kanumfarin nan yake zubawa ya rufe komai. Ɗaya shamuwa ce, ɗaya jinjirin wata."

Dorie ta sake wani ihu, ta sandare, sannan ta saki jiki tana nishi. Ma ta dubi Oom Wynand, irin kallon da ba ya bukatar magana. Shi ya shigar da mu ruwan.

Ya jefar da bargon da ke hannunsa. "To, a daina kallona kamar na kashe mutum. Ba ni ɗaya in sha. In na yi barci, kun san mai wata ce. In ban yi ba, shamuwa ce. Ina wahala a nan?"

Ouma ta ɗauki ta dama. Ta ɗiga masa awon babban mutum a cikin ruwa da sukari, ya shanye ya yamutsa fuska. Ta damƙa mini kwalbar a hannu, ta ce kada in kuskura in aje ta kusa da 'yar'uwarta.

Muka zauna jira. Rana ta take tsaka, barguna na fitar da tururi. Oom Wynand ya zaga shanu, ya dawo, ya ce shi garau yake ji. Ya ce bari ya zauna a inuwa. Ya shiga ƙarƙashin amalanke ya jingina da ƙafarsa, ya ja malafa ya rufe fuska. Ba a daɗe ba muka ji minshari.

"Shi ke nan!" Ma ta ce. "Ɗayar ce. Ouma, ki ba ni."

Ouma ba ta motsa ba. "Hester, yaushe rabon da ki ga Wynand ido biyu da tsakar rana? Ni na haife shi. Ranar aurensa ma sai da aka tashe shi. Kuma na ga lokacin da ya kurɓi barasa bayan mun fito daga ruwa, yana tsammani ban gani ba. Wannan minsharin ba shaida ba ce."

Ma ta aje Dorie a cinyata, ta je ta girgiza shi. Ya ɗaga malafa, ya yi mata murmushi, ya ce, "Matar yaya, an sauke kofi?" Ya mayar da malafa. Ko magani ne, ko hali ne, ba mai iya rantsewa. Ma ta dawo ta karɓi 'yarta, ta fara kuka ita ma, marar sauti.

Ouma tana ta murza goshi da yatsa. Can ta ce, "Lokacin da sa ya karya wa kakanku ƙafa, mai wata ya yi ta sha har ƙashi ya haɗe. Idonsa nake tunawa. Baƙin nan na tsakiya ya kan tsuke, ya koma kamar kan allura, ko da a ɗaki mai duhu. Har tsoro yake ba ni." Ta dube ni. "Nawa idon ba ya ganin ƙananan abubuwa, na uwarki kuma ya cika da ruwa. Je ki buɗe nasa ki duba."

Na ba ta kwalbar, na rarrafa ƙarƙashin amalanke. Na ɗage malafar, na sa yatsa na ɗaga fatar idonsa. Shuɗi ne fes, ban taɓa lura ba. A tsakiya ga ɗigon baƙi, ƙarami ƙwarai. Amma ƙarami a kan na wa? Ban taɓa zama na auna idon kowa ba.

"Ma," na kira, "ki zo nan inuwa."

"Me zan yi a can?"

"Ina so in ga idon Ma a wuri ɗaya da nasa."

Ta shigo da Dorie a kafaɗa, ta goge fuska, ta zauna kusa da shi. Na jira kaɗan, na duba. Baƙin idon Ma ya buɗe a inuwar, ya kai girman ƙwayar wake. Na juya na Dorie, shi ma haka. Na koma na Oom Wynand, na kare masa haske da tafin hannu don ya ƙara duhu. Ko motsi bai yi ba. Yana nan kamar an ɗiga da tsinin ƙaya.

"Gesina," ya ce cikin barci, "in kin gama, ki mayar mini da shi inda kika same shi."

"Mai wata ce ya sha," na ce wa Ouma. A karon nan ba ta ce in ɗaga murya ba.

Ta zare jan zare daga bakin mayafinta ta ɗaure wuyan kwalbar barci tam, ta cusa ta a aljihu. Sannan ta buɗe ɗayar. Ma ta ce ita za ta fara sha, ta sha, ta zauna na ɗan lokaci tana sa ni ina duba idonta. Da ba abin da ya canja, aka ɗiga wa Dorie nata a kan sukari, ta tsotsa tana shessheƙa. Ouma ta ɗumama gishiri a tsumma ta ɗora mata a ciki.

Kukan bai tsaya nan take ba. Ya dai riƙa raguwa, tsakanin murɗa da murɗa yana ƙara nisa. Wajen la'asar ta saki wata iska mai ƙara da ta sa har sa ɗaya ya waiwayo, ta buɗe ido ta ce tana son busasshen burodi. Ko shamuwar ce ta yi aiki, ko gishirin, ko ciwon ne ya gaji, ban sani ba. Na tambayi Ouma, ta ce in je in hura wuta.

A nan bakin kogin muka kwana, don mai bulala bai tashi ba sai da rana ta kusa faɗuwa, kuma ko da ya tashi, shanun huɗu yake gani takwas. Dorie ta cinye burodinta, ta miƙa hannu ta ɗauke nasa.