Wanda Ya Gaji Muryar Orrin Vasek

Tun yana ɗan firit a garin Toledo na Amurka, Orrin Vasek ba ya jin murya ya bar ta. Limamin coci, mai sayar da madara, shugaban ma'aikatar gilashi inda ubansa ke aiki, duk ya kwashe muryoyinsu yana kwaikwayo. Ya sha duka a kan haka, amma uwarsa kan juya baya ta yi dariyarta a ɓoye. Da ya girma sai ya shiga gidajen barkwanci na Cleveland da Chicago, yau a tafa masa, gobe a jefe shi da gyaɗa. A can ya haɗu da Delphine, mai kai wa baƙi abinci, ya aure ta suka koma Los Angeles.

Abin da ya ɗaga shi bai wuce wani tsohon bunsuru ba, Mista Pickett, a fim ɗin katun na yara. Bunsuru ne mai ƙorafi, komai aka yi ba a yi daidai ba. Shekara da shekaru Orrin ke masa murya, har waɗanda suka kalle shi suna yara suka haifi nasu. Ba wanda ya san fuskarsa a titi, amma da ya buɗe baki a kanti sai ka ga manya sun juyo suna murmushi.

Ana cikin ɗaukar murya wata rana, sai maƙogwaronsa ya shaƙe. Ya sha shayi da zuma, ya ce mura ce. Delphine ta ja shi asibiti. Likita bai yi kwana-kwana ba: ciwon daji ne, kuma sai an cire akwatin muryar gaba ɗaya.

Hollis, mai ba da umarni a shirin, ya zo har gida yana ta murza hularsa.

"Orrin, ba ka da na biyu, kowa ya sani. Amma shirin ba zai tsaya ba. Muna so ka taya mu zaɓen wanda zai karɓa."

"Lallai! Ban mutu ba kuna auna min likkafani? Tashi ka ba ni wuri, mai sanƙo kawai."

Bayan fitarsa Delphine ta ajiye masa miya a gabansa.

"Tsoho, ko ka je ko kada ka je, za su zaɓa. In ka bar wa Hollis, kunnen nan nasa ba ya bambance bunsuru da ƙofa mai tsatsa."

Bai so ba, dariya ta kuɓuce masa, ta koma tari. Washegari ya tafi ɗakin ɗaukar murya.

Ya zauna bayan gilashi yana jin mutane suna kwaikwayonsa ɗaya bayan ɗaya. Shi da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar muryoyin mutane, bai taɓa sanin abin da zafi haka ba. Duk ihu suke ta yi. Can sai ga wani mai suna Tobias Renfro, magidanci ne mai furfura kaɗan, direban motar makaranta da ke yin barkwanci a ƙarshen mako. Da ya fara, sai Orrin ya ɗago kai. Muryar ce sak.

Ya tashi ya shiga ɗakin da kansa.

"Malam, ka iya. Amma me ya sa kake fushi?"

"Ranka ya daɗe, ai Pickett kullum cikin fushi yake."

"Ba fushi ba ne, gajiya ce. Muryar ubana ce in ya dawo daga aiki, ƙurar gilashi ta cika masa ƙirji, yana faɗa da mu don kada mu gane ba shi da lafiya. Ja numfashi kafin ka yi magana, kamar ka hau bene. Sake."

Tobias ya sake. Orrin ya dafa bango. Daga baya ya leƙa ya ce wa Hollis, "Shi ne. Kuma kada ka matsa masa kamar yadda ka matsa min."

Aka yi masa tiyatar, aka ci nasara kamar yadda likitoci ke faɗa. Suka ba shi wata 'yar na'ura da zai kara a wuya ta fitar da magana, murya ɗaya tal, ba hawa ba sauka. Ya gwada ta a gaban madubi, ya jefa ta cikin aljihun tebur. Abokai suka yi ta zuwa, sannan suka ragu, don ba su san yadda ake zama da Orrin mai shiru ba. Tobias kaɗai bai fasa ba, duk Lahadi sai ya kawo kunun masara, ya zauna yana ba shi labarin ɗaliban motarsa.

Wata safiya Delphine ta kai shi wani ƙaramin gidan abinci. Mai kawo abincin dogo ne, yana tafiya yana karkace kafaɗa, kullum kamar an ɓata masa rai. Da ya juya, sai Orrin ya miƙe a hankali, ya karkace tasa kafaɗar, ya ɗaga gira, ya ɗauki faranti ya bi bayansa. Ba kalma ko ɗaya. Delphine ta yi ta dariya har ta riƙe ciki, sai kuma ta kifa kai a tebur tana kuka. Ya dawo ya zauna, ya riƙe hannunta har kofi ya huce.

Ciwon ya dawo kafin shekara ta zagayo, wannan karon a huhu. Ya rasu a gida da hantsi, Delphine na gefensa. Ta sayar da gidan ta koma wurin ƙanwarta a Chicago. Shirin kuwa ya ci gaba, yawancin masu kallo ma ba su san an canja kowa ba.