Tagar da Direba Ya Gina a Ɗakin Yadi

"Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, mun ba ki kunne."

Wani tsohon direban bas ne, shekara talatin da biyu yana riƙe da sitiyari, ko kaza bai taɓa bugewa ba. Sannu-Sannu ake ce masa a tasha, domin fasinja kan yi barci ya farka ya tarar ba a wuce gadar farko ba. Da gwiwa ta fara yi masa gardama, sai ya miƙa makulli ya dawo gida. To kun san namijin da ya saba da hanya, in ya zauna a gida, gidan ne ke shan wuya. Cikin wata guda ya kwance fanka ya ɗaura, ya kwance rediyo ya kasa ɗaurawa, ya koma kallon keken ɗinkin matarsa da idon makanike.

Matar tela ce, shagonta a jikin gidan yake, ƙofarsa na kallon titi. Mai Almakashi ake kiranta, kuma ba don na hannunta kaɗai ba. Ranar da ta kama shi durƙushe a gindin keke da sukuduraba, ta ɗauki waya ta kira 'yarsu da ke aiki a wani gari.

"Ki nema wa babanki abin yi," in ji ta, "kafin ni in nema masa wurin zama."

Sai 'yar ta aiko masa da tsohuwar kyamararta. Abin nema ya samu. Ya ɗauki kyanwa, ya ɗauki mai faci yana hura taya, ya ɗauki maƙwabta ko sun so ko ba su so ba. Kuma a waje, cikin hasken rana, hotunansa ba laifi. Daga nan zuciya ta fara raya masa ya buɗe ɗakin hoto nasa na kansa, idonsa kuwa ya sauka kan ɗan ɗakin da ke bayan shago, inda Mai Almakashi ke tara bandiran yadi. Ɗaki ne taku biyar da taku huɗu, ba taga ko ta leƙen kaza. A makon nan babu komai a ciki, kaya sun ƙare, sababbi na hanya.

"Maman yara," ya ce, yana sosa ƙeya, "ɗakin nan fa zaman banza yake yi."

"Kamar wani da na sani," ta ce, ba ta ɗaga kai daga ɗinki ba. Can ta tsayar da keke. "Malam, shekara talatin da biyar muna tare, ka taɓa jin na kalli hotona na ce wannan ni ce? Na katin shaida kamar an kamo ni da kayan sata. Wanda aka rataye a falo kuwa, jikokina na tambaya wace ce waccan mai fushin. Ranar Asabar da rana motar yadi za ta zo. In ka ɗauke ni hoto a cikin ɗakin nan, na gani na ce na yarda, ɗaki ya zama naka, yadi in nema masa wuri. In ba haka ba, kai da kyamararka ku koma wurin kyanwa."

Litinin da safe ya nufi shagon mai kayan lantarki. Ya zaɓi ƙafafun ƙarfe biyu na hannu, masu miƙewa da naɗewa, da kwanon fitila biyu, da ƙwai biyu, da doguwar waya mai soket huɗu. Mai shagon ya zaro wata farar lema ya buɗe.

"Baba, ka haɗa da wannan. Masu hoto a gaban fitila suke sa ta."

"Ruwa ake yi a ɗakin?" in ji Sannu-Sannu. "In sayi haske, in kuma sayi abin rufe shi? Ajiye kayanka, ɗana."

Wuni guda ya yi yana shiri, yana 'yar waƙarsa ta hanya a hanci. Ƙafa ɗaya ta rasa noti, sai ya ɗaure ta da robar taya. Ɗayar na rangaji, sai ya danne ta da tsohon jak ɗinsa. Waya ya bi da ita gefen bango ya manne da salatif, don ya san in Mai Almakashi ta yi tuntuɓe shari'a ta ƙare tun ba a fara ba. Ya kafa wani yadi ruwan toka a bango, ya jingina kujera a jikinsa. Fitilu kuwa, ai direba wuri ɗaya ya sani ana sa fitila: ɗaya dama, ɗaya hagu, daidai ƙugu, suna kallon gaba sak. Ya ja baya ya dube su, ya ji kamar ya koma gaban bas ɗinsa.

Talata ta ɗaura ɗankwali ta zo ta zauna. Ya danna makunni.

"Direba," ta ce, ta kare fuska da hannu, "ni ba rami ba ce a kan titi."

"Sauke hannu, ki yi murmushi."

"Da wane idon?"

Ya ɗauka, suka haɗa kai a bayan kyamara. Idanu a runtse, goshi na sheƙi kamar sabuwar tukunya, inuwar hanci ta hau sama maimakon ta sauko. A bango kuma ga inuwa biyu tsaye a kafaɗunta kamar an turo su kama ta. Abin da ya ƙara dagula lamari, ƙwan dama mai ruwan ɗorawa ne, na hagu fari fat mai ɗan shuɗi.

"Wannan kuncin shawara ta kama shi," ta ce tana nunawa da yatsa, "wannan kuma sanyi. Wace asibiti za ka kai ni?"

Laraba ya mayar da ƙwan ɗorawar aka canza masa da fari, launi ya daidaita. Amma da yake a kansa duk matsalar hanya ƙarancin haske ce, sai ya karɓo manya, masu ƙarfi ninki biyu. Alhamis ta zauna, kafin ya danna hawaye sun zubo mata.

"Ka ga abin da ba ka yi ba a shekara talatin da biyar," ta ce tana share ido da bakin mayafi, "yau ka sa ni kuka. Ina da ɗinkin mutane, Malam. Zama ɗaya ya rage maka, ka adana shi."

Juma'a sai ya ɗauko mutum-mutumin da take gwada riguna a kai ya dasa a kujera. Shi wannan ba shi da kai, don haka bai yi ƙorafi ba. Ya matso da fitilu, ya janye su, ya kusanta su da juna, ya raba su. Inuwa biyun nan dai suna nan, duk inda ya juya suna biye. Rashin sani ya fi dare duhu, ko da kuwa fitila biyu ke kunne.

Asabar da hantsi ya shiga ɗakin, ya ce a ransa gara mutum ya sauka da kansa kafin kwandasta ya sauke shi. Ya naɗe ƙafa ɗaya ya saɓa a kafaɗa, ya biyo ta cikin shago zai fita da ita. A nan ya ci burki.

Mai Almakashi na tsaye a bakin taga, wani yadi shuɗi a hannu, zare kala uku a kansa. Kullum haka take yi in za ta zaɓi zare, takan ce fitilar shago maƙaryaciya ce. Sau dubu nawa ya wuce ta a wurin nan bai lura ba? Tagar na da siririn farin labule, rana na tacewa ta cikinsa ta sauko mata daga gefe ɗaya, sama kaɗan da kanta. A ɗaya gefen teburin yanka ne, an shimfiɗa masa farin yadi, shi kuma yana maido da ɗan haske a kuncin da ke cikin inuwa. Goshi bai sheƙi, ido a buɗe, har 'yan layukan dariya da ke gefen idon sun fito a hankali.

Ya sauke ƙarfen ba ƙara, ya ɗaga kyamarar da ke wuyansa ya danna. Ya kai mata. Ta duba, ta ɗan jima, sannan ta mayar da ido kan zarenta.

"A cikin ɗaki muka yi da kai," ta ce. "In taga ce ta ɗauki hoton, taga zan ba ɗakin."

Sannu-Sannu ya yi dariya har ya dafa tebur. Abin da ya faɗo masa shi ne hanya. In mota ta taho ta watsa maka fitila ful, ba ka ganin direba, ba ka ganin titi, sai zagi ke zuwa bakinka. Shekara talatin da biyu yana rage wa baƙi fitila in sun haɗu, ga shi mako guda yana dallare matarsa.

"Maman yara, ara mini farin yadin shafi, yadi huɗu."

"Aro ko yanka?"

"Aro."

"In ka ƙona mini shi, da rigarka zan yi shafin."

Ya ɗauki ƙarfen ya koma ɗaki, a karon farko a rayuwarsa da sauri. Fitila ɗaya ya cire ya ajiye a ƙasa. Ɗayar ya miƙe ƙafarta har ta wuce tsayinsa, ya kai ta gefen kujera, ya karkato kanta ƙasa kaɗan, daidai inda tagar shago take ga fuskar matarsa. Ya ɗaura igiya daga ƙusar bango zuwa ƙafar da ba komai a kanta, ya rataya yadi biyu a gaban fitilar, ya bar tazarar kamu biyu don kada zafi ya taɓa shi. Sai hasken ya bazu, ya yi laushi, kamar an fasa bango an sa labule. A ɗaya gefen ya tsayar da teburin guga a tsaye ya lulluɓe shi da sauran yadin. Kujera kuma ya janyo ta taku biyu daga bango, inuwar da ta rage ta zube ƙasa inda kyamara ba ta gani. Ya sa hannunsa a wurin ya jujjuya, ya ga jijiyoyin bayan hannun sun fito ba tare da sheƙi ba.

Yana cikin haka sai ga hon a ƙofar shago. Motar yadi ta riga lokaci.

Ya leƙa ya ce wa direban, "Ɗan jira, abokin aiki, tsohon direba ne ke gyara fakin."

Mai Almakashi ta shigo tana gyara ɗankwali, ta dubi igiya da teburin guga.

"Ɗakin hoto ne ko shanya?"

"Zauna dai."

Ta zauna, ta miƙe wuya, ta ɗaure fuska, ta zama matar katin shaida sak. Haske ya gyaru, amma mai fushin falo ce a kujera. A waje aka sake danna hon. Sai ya fita da sauri ya kwaso yadin shuɗin nan da zaren uku, ya zuba mata a cinya.

"Kafin in shirya, duba mini. Ni dai na ce na tsakiyan nan ne ya dace."

"Na tsakiya?" Ta ɗaga yadin wajen farin labulensa, ta jera zaren a kai, kafaɗunta suka sauko. "Wannan ai ko makaho ya san ya yi duhu. Na ƙarshen ne. Kai da ko maɓallin rigarka ba ka..."

Ta ɗago kai za ta ƙarasa masa, dariya ta riga maganar isa bakinta. Ya danna.

Ya miƙa mata kyamarar, ya koma gefe yana murza hularsa kamar mai jiran sakamakon gwajin tuƙi. Ta duba. Ta matso da ita kusa, ta nisanta ta. Ta sa ɗan yatsa ta shafi gilashin a wajen kunci. A waje injin motar da ke jira na ta ƙara.

"Ɗankwalin ya ɗan karkace," ta ce a ƙarshe.

"In goge in sake?"

"Taɓa shi ka gani."

Ta miƙe, ta tattara zarenta, ta sake ɗaga na ƙarshen a gaban labulen ta gyaɗa kai. "Wannan hasken naka bai yi ƙarya ba." A bakin ƙofa ta juyo. "Na yarda. Amma yadina huɗu aro ne, ban manta ba."

Yana jin muryarta a waje tana ce wa direban mota ya zagaya ta ƙofar gida, a sauke kaya a tsohon ɗakin 'yarta.

Ɗaki ya zama na Sannu-Sannu. Litinin ya koma wurin mai kayan lantarki ya sayi farar lemar nan, mai shagon ya tambaye shi ko an fara ruwa a ɗakin. Fitila ta biyu ta koma bayan kujera tana haska bango kaɗan-kaɗan. Yadin shafi bai taɓa komawa shago ba, a madadinsa duk rigar da Mai Almakashi ta ɗinka shi ke ɗaukarta hoto, masu ɗinki kuma in sun zo karɓar kaya sukan zarce ciki a ɗauke su da sabuwar riga. 'Yar ta zo hutu ta tarar da bandiran yadi a kan gadonta, ta kwana a falo, a ƙarƙashin sabon hoton uwarta da ya maye gurbin mai fushin. Keken ɗinki kuwa ya tsira daga sukuduraba, rediyo dai har yau a kwance take.