Rakiyar Madugu Talle

Madugu Talle ya durƙusa a gaban huhun goron, ya kwance ɗaurin da aka yi masa jiya, ya gyara ganyen, ya sake ɗaurewa da irin ƙullin da hannunsa ya saba. Ba wanda ya sa shi. Goron ma ba nasa ba ne, na Amidu ne, ɗansa na fari, wanda tun kafin azumi ba su yi magana ba.

Laifin Amidu ɗaya ne: ya ce bana a jirgin ƙasa zai kai goro Kano. Jirgi ya ɗauke shi daga nan Kumasi ya kai shi Sekondi a bakin teku, ya shiga na ruwa zuwa Ikko, daga can wani jirgin ƙasan ya ɗauke shi har Kano. Ranar da ya faɗa, Talle ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wai za ka Kano, ka juya mata baya ka nufi teku? In ka ɗora goron gidan nan a kan ƙarfen nan, kada ka ƙara gaishe ni." Amidu kuwa ɗan ubansa ne wajen taurin kai. Ya daina gaisuwar.

Sahadatu, uwar Amidu, ta fito da ƙwaryar koko ta ajiye masa.

"Madugu, yau fa yaron nan zai tafi. Ruwa zai hau, ruwan da ba a ganin gaɓarsa. Haka za ka bar shi da fushinka a kansa?"

"Ni na ce ba zan yafe ba? A ina zan yafe? A tsakar gida?"

Ta san abin da yake nufi. A gidansu ba a yafe wa matafiyi a cikin gari, don kamar kora ce. Sai an raka shi, an haye rafin farko, sannan babba ya dafa kansa ya ce ya yafe duniya da lahira. Haka uban Talle ya yi masa, haka shi ma ya yi wa ayari bayan ayari a rafin da ke bayan Suame, a hanyar arewa. Can ne ake sauke kaya a ɗaure jakuna, mata su kawo fura, a yi ta ban-kwana har rana ta ɗaga. Har yau in ya rufe ido yana jin ƙararrawar jakin gaba, da warin ɗanyen ganye, da muryar jagaba yana kiran sunayen zanguna: Kintampo, Salaga, Yendi. Kewar wannan hanya ta fi ciwon gwiwarsa damunsa.

"To jirgin kudu zai yi," in ji Sahadatu. "Ai kudu ma akwai rafi."

"Ƙarfe ne zai tsaya mini a bakin rafi?"

"Kai da ka ba ni labarin kakanka, da ya ce jaki na ragwaye ne, namiji a ka yake ɗaukar goronsa? Ganyen nan da kake gyarawa ma ai wani ne ya fara naɗe goro da shi, aka yi masa dariya."

Talle ya shanye kokon. Sahadatu in ta yi gaskiya, sai ya ga kamar ta yi masa rashin kunya.

Da hantsi 'yan dako suka kwashi huhunan, mutanen Zango, unguwar Hausawa, suka bi su zuwa tasha. Talle ya bi daga baya da sandarsa, wai kasuwa za shi. A tasha ba inuwar tsayawa, ba inda za a shimfiɗa tabarma. Keteke, kamar yadda Asante suke ce wa jirgin, yana ta huci, mata masu sayar da ayaba suna miƙa kaya ta taga. Kafin Talle ya gama duba yadda aka jera goron, an rufe taragon an sa masa sakata.

Amidu ya zo ya tsuguna a gabansa, kansa a ƙasa.

"Baba, zan tafi."

Maganar tana bakin Talle. Ya duba hagu, ga rufin kwanon kantuna, ya duba dama, ga hasumiyar masallacin Zango. Cikin gari ne tsundum. Ya haɗiye ta.

"Ka riƙa yayyafa wa goron ruwa," ya ce. "Iskar teku gishiri gare ta."

Amidu ya ɗan jira, sannan ya tashi ya shiga. Aka busa usur. Wani ma'aikacin jirgi mai jar hula ya ɗaga wa Talle hannu ya ce da 'yar Hausarsa, "Papa, koma baya, keteke ya tafi." Ƙafafun ƙarfen suka motsa. Talle ya ga fuskar ɗansa a taga tana ja da baya, sai tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da 'yan fashi suka tare su a dajin Gwanja. Ya cilla sandarsa cikin jirgin, ya kama ƙarfen ƙofa. Hannun Amidu ne ya fizgo shi, babbar riga tana jan ƙasa.

Ya zauna a kan benci yana haki, ya riƙe gefensa da hannu biyu. Gidaje suka wuce, gonakin rogo suka wuce, bishiyoyi suna gudu kamar an kora su. Bai kalli Amidu ba, taga yake kallo, yana neman ruwa. Can ƙarar ƙafafun ta canza, ya leƙa ya ga ɗan rafi a ƙarƙashin gada, mata suna wanki. Kafin ya buɗe baki har ya wuce.

"Mun haye?"

"Mun haye, Baba."

Ya dafa kan ɗansa. Ƙarar jirgin ta hana a ji, sai da ya kai bakinsa kunnen Amidu ya ɗaga murya, shi da bai taɓa faɗin wannan magana da ƙarfi ba.

"Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini."

Amidu ya rufe fuska da hularsa. Wata tsohuwa Ba'asantiya da ke gefensu ta kawar da kai, ta gyara kwandonta.

A tasha ta farko Talle ya sauka, Amidu ya biya mai jar hula kuɗin jirgin uban, jirgin ya wuce ya bar hayaƙi. Tsohon ya tsaya har ƙarar ta ɓace. Tafiyar da za ta ci masa hantsi zuwa azahar, ko goron bakinsa bai gama taunawa ba. Abin ya ba shi haushi, ya kuma burge shi, bai san wanne ya fi ba.

Ya gyara rawani zai kama hanyar gida a ƙasa, sai ya dawo wajen mai kula da tashar.

"Ɗana, in mutum zai taryi wanda ya fito daga Sekondi, nan ma jirgin yana tsayawa?"

"Yana tsayawa, Papa."

"To," in ji Madugu Talle. "Na safe ne mai zuwa nan daga Kumasi, ko?"