Rahoton Ƙafar Hagu

Tun a cikin motar zuwa asibitin sojoji na garin Almora Hansi take yi wa mijinta bita.

"Baban Kamla, in likita ya shigo, kada ka miƙe. In ya ce yaya jiki, kada ka ce lafiya lau."

"Na ji, Janar," in ji Dhanpat Rautela, yana gyara lambobin ƙirjinsa.

Da gaskiyarta kuwa. Bara, da aka sake duba tsofaffin sojoji, likita mai muƙamin kanar na shigowa Dhanpat ya ƙame kamar turke. Aka ce ya sunkuya, ya cije ya taɓa yatsun ƙafa, da wannan bayan da ya tsage ranar da ya faɗo daga dutse da akwatin harsasai a kafaɗa. Aka rage matakin naƙasarsa daga kashi sittin zuwa ashirin, kuɗin tallafin da yake sayen magani da su suka tafi. Bajintar ta kwantar da shi kwana tara. Wannan ɗaukaka ƙarar ita ce damarsa ta ƙarshe.

A asibitin, ƙofar ɗakin da aka zaunar da su ta buɗe, sai ga wani likita, kanar mai furfura. Hali zanen dutse, Dhanpat ya miƙe ƙyam.

"Yaya jiki, Saje?"

"Lafiya lau, yallaɓai!"

Hansi ta dafe kai. "Na shiga uku. Ashe kututture na aura."

Likitan ya ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, ƙafar hagu tana rawa. Ya ajiye alƙalami.

"Saje, ba gaisuwa nake yi ba. Ba ni rahoton rundunarka, daga wuya zuwa diddige. Umarni ne."

Dhanpat ya gyara tsayuwa. A wurinsa ƙorafi abin kunya ne, amma rahoto aiki ne, kuma bai taɓa yi wa na gaba ƙarya a rahoto ba.

"Baya ya riƙe wurinsa shekara goma sha tara, yallaɓai, yanzu ya gaza. Ƙafar hagu ba ta karɓar umarni daga gwiwa zuwa ƙasa. Sau biyu ta yar da ni a gona. Takalmi kuwa, matata ke ɗaura mini."

Likitan ya yi ta rubutu har ya juya takarda. "Huta, Saje."

Dhanpat ya sara masa. Sannan, a gaban kanar, ya miƙa hannu gefe bai ko waiwaya ba. Hansi ta kama, ta zaunar da shi a hankali.