Ƙanƙarar da Ta Tona Asirin Zulai

Abu ɗaya Zulai ta roƙe ni tun a ƙofar ɗakin tiyata: kada a sa ta barci. A haihuwarta ta fari barci aka sa ta, ta farka ta tarar an riga an binne yaron, ko fuskarsa ba ta gani ba. Wannan karon ma fiɗa za a yi mata, amma tana son ta ji kukan ɗanta da kunnenta. Ni kuwa Roseline, da bakina mai saurin alkawari, na ce ta bar mini.

Shekara goma sha ɗaya ina allurar baya a asibitinmu na Jalingo. Na zaunar da ita ta ranƙwafa, na lalubi tsakanin ƙasusuwan ƙugunta, na zura siririn bututu, na tura maganin da ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa. Bayan minti ashirin na tambaye ta ko tana jin wani abu, ta ce babu. Dakta Suhail mai fiɗa ya miƙa hannu a ba shi wuƙa.

Amma na san irin su Zulai. Da kunya aka raine su, an koya musu mace ba ta raki wajen haihuwa, ko yanka ta ake yi "ba komai" za ta ce. Ga shi hannunta na hagu ya damƙe ƙarfen gado kamar za ta karya shi. Na ce likita ya dakata. Ya harare ni, ya ce jaririn ya fara gajiya, minti goma sha biyar ya ba ni, in ya wuce sai barci.

Na ɗauko ƙanƙara daga firij. Na ɗora mata a gefen cikinta na dama, ko gezau. Na ɗora a hagu, sai cikinta ya tsuke, ta ja numfashi. Rabin jiki kawai maganin ya kama.

"Sista, kar ki gaya mishi," ta raɗa mini. "Zan daure."

"Na san za ki daure, Adda. Ni ce ba zan daure ba."

Bututun ne ya shige da yawa ya karkata dama. Na janyo shi santimita ɗaya, na juya ta ta kwanta a kan hagu don maganin ya gangara can, na ƙara mata. Tsoro na ji ƙwarai. Ban sake tambayarta komai ba, fatar cikinta nake kallo.

A minti na goma sha biyu na ɗora ƙanƙarar a hagu, na bar ta har ta fara narkewa. Zulai ta dube ni ta ce yaushe zan sa.

Nan na ce likita ya fara. Da aka ciro jaririya mace ta tsanyara kuka, Zulai, wadda ko tari ba ta yi ba tun safe, ta fashe da nata har ya danne na 'yar. Babu wanda ya ce ta yi shiru.