Turmin Mama

Hephzibah Zamani ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin haƙar ma'adinai, tana narka duwatsu tana faɗin abin da ke cikinsu. Da ta yi ritaya ta dawo Kafanchan, dangi suka ajiye ta inda ake ajiye tsofaffi: ta zo biki, ta sa albarka, ta yi shiru.

Sai ƙaninta Kaleb ya kira ta ƙauyensu, can wajen Kagarko. Jikarsa Doreen, wadda ba a daɗe da yayewa ba, sai suma take yi. An sha maganin maleriya, an yi azumi da addu'a, kowa ya ce aikin maƙiya ne. Maƙiya dai ba sa zuwa su kare kansu, shi ya sa zarginsu ke da daɗi.

Hephzibah ta duba yarinyar, sannan ta zagaya tsakar gida. A gindin mangwaro ga turmin marigayiya mahaifiyarsu, bakinsa da wata ƙura mai ƙyalli.

"Kaleb, me ake dakawa a nan?"

"Acca mana, Yaya."

"Sai me?"

Ya sosa ƙeya. Ashe samarin gidan suna kawo dutsen zinariya daga rami su daka a ciki. "Amma ana wanke shi da omo sosai," in ji shi.

Ta kankari itacen, ta kai wa wata tsohuwar abokiyar aikinta suka gwada. Dalma ce, ta ratsa turmin har ciki, inda omo ba ya kaiwa.

Da ta dawo ba ta yi kwana-kwana ba. "Gubar dalma ce yarinyar nan take ci a abinci. Yau za a kai ta a gwada jininta. Daka dutse a gidan nan ya ƙare, turmin ma ya gama aiki."

"Turmin Mama? Da dakan da ta yi a cikinsa ta sa ki a makarantar da kike mana taƙama da ita!"

"Na sani. Kana goye lokacin da nake kama mata taɓarya."

Kaleb ya ce, "To, a ƙone shi."

"Yara su shaƙi hayaƙin? Binne shi za mu yi, nesa da rijiya, nesa da gona."

Su biyu suka kai shi kan tudu. Da ƙasa ta fara rufe shi, Kaleb ya cire hula. Hephzibah ba ta jira an gama ba. Ta sauko, ta goya Doreen da kanta, ta nufi bakin titi neman mota.